Tabkin da Ɗana Ya Haƙa a Bayan Gida

Ban taɓa zaton zan yi tsawon rai har in ga mutum ya haƙa tabki da gangan a bayan ɗakin kwanansa ba. A zamaninmu Allah ke ajiye ruwa inda ya ga dama, mutane su bi shi su kafa tunga a gefensa. Yau ga ni a Bagudo, a gidan ɗana, ina kallon ruwa mai kusurwa huɗu da aka auna da igiya, aka yaɓe da siminti, aka liƙa masa tayil shuɗi. Ɗan farina ne, don haka ba za a ji sunansa a bakina ba. Fatauci yake yi, yana kai albasa ƙasar Benin, kuma a wani masauki can ya ga irin wannan tabki na iyo, ransa ya biya. Da ya faɗa mini niyyarsa, Allah ya sa alheri kawai na ce. Matarsa kuwa, na ga irin kallon da ta yi wa 'ya'yanta uku.

An fi wata biyu ana aiki. Masu liƙa tayil daga ƙetaren iyaka suka zo, suna aiki suna hira da Dendanci, yaren kakata, ni kuwa ina inuwar darbejiya ina tsintar abin da kunnena bai manta ba. Wanda ya haɗa bututu da inji wani Bayarabe ne Kirista mai furfura, ya daɗe a garin nan yana gyaran famfo, har Hausarsa ta fi ta jikokina nauyi. Ranar da aka gama cika tabkin daga rijiyar burtsatse, ya tsaya zai yi wa ɗana bayani, amma waya ta hana ɗana saurare, ana ta kiransa a kan wata motarsa da ta lalace a hanya. Sai mutumin ya juyo gare ni.

"Mama, ke ce kullum a gida. Taso in nuna miki, don wannan ruwa ba ya yarda a manta da shi ko kwana uku."

Na tashi na bi shi. Ya nuna mini ɗan ɗakin da aka ajiye injin da ke zuƙo ruwan, ya bi da shi ta cikin wata tukunya cike da yashi, ya mayar da shi a tace. Ya ce kullum sai injin ya yi aiki tun hantsi har la'asar, lokacin da sola ke da ƙarfi. Ya buɗe mini bokitin farin garin magani da suke kira kilorin, mai warin da ke hawa kai, ya ce a ɗora shi inda hannun yaro ba zai kai ba, kada kuma a gauraya shi da wani magani. Ya ba ni wata 'yar kwalba da ake ɗibar ruwan a ɗiga masa wani abu: in ya yi ruwan ɗorawa, magani ya isa, in ya fito fari tas, an yi sake. Ya miƙo mini raga mai dogon mariƙi da buroshi. Da ɗana ya gama waya, mai famfon ya ce masa abu ɗaya ya rage, a kewaye wurin da shingen ƙarfe mai ƙofa. Ɗana ya ce shinge zai ɓata kyan wurin, a bari tukuna. Mutumin ya dube ni, na dube shi, ya tattara kayansa ya tafi.

Makon farko gidan ya koma kamar gidan biki. Dangi suka zo kallo har daga Bahindi, ana ta ɗaukar hoto da waya. Wani tsohon surukinmu ya daɗe yana leƙen ruwan, sannan ya tambaya yaushe za a zuba kifin. Yaran unguwa suka riƙa ɗarewa katanga. Manyan jikokina biyu, mace da namiji, suka lazimci ɓangaren da ruwan ke tsaya musu a ƙirji, su yi ta facal-facal har idanunsu su yi ja. Shi mai tabkin ya shiga sau uku ko huɗu, yana riƙe da gefe, don bai iya iyo ba. Daga nan tafiya ta ɗauke shi kamar yadda ta saba, aikin ya faɗo kaina.

Babu wanda ya faɗa wa ɗana cewa darbejiya ba ta hutawa da zubar da ganye. Kowace safiya sai na bi ruwan da raga, in kwashe ganye da ƙwari, wata rana har da ƙadangaren da ya zo sha ya zame. Da bazara rana kan shanye kamar faɗin yatsa biyu kafin a ankara, sai an ƙara. Ƙudan zuma da zanzaro suka gano wurin, agwagin maƙwabta ma suka gano, su kuwa ba sa shiga su fita ba su bar shaida ba. Lallen da jikata ta sha wahalar ƙunshinsa ya koɗe a kwana biyu. Tayil in ya jiƙe ya fi kuɓewa santsi, jikana namijin ya gwada da ƙeyarsa. Da damina ta faɗi sai kwaɗi suka zo da iyalansu, in tashi in tarar da ƙwansu kamar zaren tsakiya a kan ruwa. A cikin wannan damina na tafi ta'aziyya Bahindi na kwana biyar, hadari ya rufe rana, inji bai samu wuta ba, ba wanda ya tuna da magani. Na dawo na iske tabkin ya koma kore shar kamar miyar kuka, ba a ganin ƙasansa, sauro ya fara yi masa shawagi. Surukata ta ce a zubar da shi kawai. Na ce mata ruwa ba ya tsami banza, mu muka bar shi. Mai famfo ya zo ya yi dariya, ya zuba magani mai yawa da alif, ya sa aka goge bangon ciki, ya hana kowa shiga. A kwana na huɗu na sake ganin shuɗin tayil ɗin. Tun daga ranar ba na barin gari sai na damƙa wa wani 'yar kwalbar nan hannu da hannu.

A wajen kwasar ganyen nan na safe ne tunanin tungarmu ke zuwa mini. Tana bakin wani reshe na kogin Kwara, ba nisa da Kurgu, gidaje ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Can ba wanda ke tace ruwa, shi ke tace kansa, don tafe yake dare da rana. Abin da ke tashinmu da safe shi ne bugun filafili a jikin kwalekwale, Sarkawa masunta sun fita duba komarsu ta kamun kifi. Sai kukan kirinjijiya a cikin fadama, wani lokaci dorina ta yi gurnani can nesa, tsofaffi su ce yau tana gefen yamma, a kiyaye. In hantsi ya ɗaga, mashaya ta cika da mata. Wannan na dukan wanki a kan dutse, waccan na dirje ƙwarya da yashi, ana kiran juna ta ƙetaren ruwa da Hausa, a amsa da Dendanci, ba mai lura da cewa harshe biyu ake yi. Mu 'yan mata aikinmu bai da iyaka. Sai mun cika randunan gida, mun yanko ciyawar burgu don awaki, mun taya juya kifi a kan banda har hayaƙi ya sa mu hawaye, in shinkafa ta fara nuna kuma mu wuni muna korar tsuntsaye da gwangwani. Amma duk wanda ya gama aikinsa, ruwa ne ladansa. Mukan jeru a inda ya kai mana ƙugu, mu dunƙule tafin hannu mu yi ta dukansa, yana ba da amo kamar ganga, wata ta ɗauki waƙa mu amsa. Mu nutse mu tono bado mu ci. Mu kwanta a kan yashi mai zafi har jiki ya bushe ya yi fari, a gida a yi mana faɗa a shafa mana man kaɗanya. Jikokina yanzu famfo suke murɗawa a banɗaki, ba su san inda ruwan ya fito ba. Ranar da babbar jikata ta ga kwaɗo a bakin tabki, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka aiko tambaya.

Kakata ta wajen uwa Badendiya ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Ita ta fara tsoma ni a ruwa tun ina goye. Tana da dokoki da ba ta sassautawa: ba mai shiga ruwa shi kaɗai, kuma duk lokacin da yara ke ciki, sai babba ɗaya ya zauna a gaɓa ba ya aikin komai sai kallo. In wata ta cika yi mata burga da iyo, sai ta ce gwanin iyo shi ruwa kan ci. Takan kuma ce mana ba a kokawa da Kwara. In ya fi ƙarfinka, ka kwanta masa rigingine, ka bar shi ya kai ka inda zai ajiye ka. Muna jin wannan kamar yadda yara ke jin maganar tsofaffi, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Ina da kamar shekara tara aka yi wata cikar ruwa mai ƙarfi. Kwara ya yi ja, yana tafe da itatuwa da ciyayi, an hana mu wuce inda ya kai gwiwa. Wata safiya aka aike ni wanke babban masakin kakata, wanda take jiƙa shinkafa a ciki, ta fi ƙaunarsa da duk kayan ɗakinta. Ina cikin wanki ya suɓuce. Na ga yana juyawa yana nisa, tsoron faɗa ya rufe mini ido, na faɗa na bi shi. Na kusa taɓa shi sai na ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina, wani abu mai ƙarfi ya ja ni ta ƙafa. Na juya zan koma gaɓa, na yi ta dukan ruwa, gaɓar kuwa sai ƙara nisa take. Muryoyin ƙawayena suka yi ƙanana. Na sha ruwa har ya fito mini ta hanci, hannuwana suka mutu. A nan ne, da ba sauran dabara, maganar tsohuwar ta faɗo mini. Na daina yi. Na juya bayana na ba ruwan, na buɗe hannuwa, na ɗaga haɓa. Sai na ji ya ɗauke ni kamar tabarma. Kunnuwana suna ciki, ina jin wani gunji mai zurfi, idona kuwa na kan sama, balbelu na wucewa a jere ba ruwansu da ni. Ban san tsawon lokacin da na yi haka ba. Na wuce gonakin shinkafarmu, na wuce wata babbar kuka da nake jin labarinta ban taɓa gani ba. Ina kuka, amma ban yarda na motsa ba. Can inda kogin ya yi gwiwa, ruwan ya tura ni cikin burgu, ciyawar ta riƙe ni.

Wata mata ce ta gan ni, tana cikin kwalekwale tana ɗaga gurar kifi. Ta kama ni ta kitso ta jawo ni ciki, ta kifa ni a kan cinyarta har na amayar da abin da na sha. Ita da mijinta Dendawa ne, masunta da kan gangaro daga ƙasar Faransi, kamar yadda muke kiran Benin a lokacin, su kafa bukkoki su yi wata biyu su koma. Ba ta jin Hausa ko kaɗan, ni kuma firgita ta kore ɗan Dendancin da na iya. Ta lulluɓe ni da zanenta, ta ba ni kunu mai zafi da gasasshen kifi, ta yi ta shafa mini baya tana magana a hankali. Da na samu bakin faɗin sunan kakata, sai mijinta ya ɗaga kai, ashe ya san gidan. Shi ya sa ni a jirgi ya yi ta tuƙi da gwangwala yana bin gefe, yana haurawa da ƙyar. Sai la'asar muka iso. Na tarar da mazan tunga a cikin jirage suna caccakar ƙarƙashin ciyawa da sanduna, uwata na zaune a gaɓa ta rufe kanta da zane. Ubana ya kamo akuya zai ba mutumin, mutumin ya ƙi, goro biyu kawai ya karɓa ya juya jirginsa.

Kakata ba ta taɓa tambayata masakin ba, har ta bar duniya. Amma washegari da sassafe ta kama hannuna ta kai ni wani lungu da ruwa ke kwance, ta ce in shiga. Na ƙanƙame ta ina kuka.

"In kika kwana biyu ba ki shiga ba, kin bar shi ke nan har abada," in ji ta. "Shi kuwa ba ya barinki, don bakinsa aka haife ki."

Ta shiga da ni, ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin bayana, muka daɗe a haka har rawar jikina ta tsaya.

Daga baya aure ya kai ni tudu, wajen Matsinkai, gidan manoma. Can rijiya ce mai zurfi, sai an haɗa igiya biyu, ruwa kuwa da moɗa ake auna shi. Matar aure ba ta iyo, ba ma inda za ta yi. 'Ya'yana suka tashi ba su san ruwan da ya wuce na bokiti ba, surukata ma 'yar can ce. Tungarmu ambaliya ta tashe ta, mutanenta suka watse, aka yi gada, mota ta karɓe yawancin aikin jirgi. Na fi shekara hamsin ruwa bai kai mini ƙirji ba. Ko da aka yi tabkin nan ban shiga ba, kunya ta hana ni. Ina tsohuwa, uwar mai gida, in tuɓe mayafi in shiga wasan yara?

Abin ya faru ne bayan damina, wata ranar Talata da hantsi. Ɗana yana Benin, manyan yaran suna makaranta, surukata na kicin tana suya. Ina zaune a gindin darbejiya ina tsintar shinkafa a faranti, na ba tabkin baya saboda rana. Auta, 'yar shekara uku, tana kusa da ni tana wasa da kofin roba tana 'yar waƙarta. Ban ji faɗuwar komai ba. Waƙar ce kawai ta tsaya. Masu cewa yaro na ihu in ruwa zai ci shi ba su taɓa gani ba. Na waiga na ga kofin yana yawo a kan ruwa a ɓangare mai zurfi, ita kuma tana ƙarƙashi, idonta a buɗe, hannuwanta na motsi a hankali kamar mai hawa tsani. Na kira uwarta sau ɗaya. Ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta iso bakin ruwan, ƙafafunta suka kafe a nan. Ni da sai na dafa bango nake tashi daga sujada, ban san yadda na miƙe ba. Na faɗa da zanena da ɗankwalina. Ruwan ya rufe kaina, sai na ji ƙafafuna suna yin abin da suka sani tun ban yi wayo ba. Na kamo ta ta hammata, na tura ta sama, uwar ta fizge ta. Ta yi amai, ta yi tari, sannan ta tsala kuka, ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Muka kai ta asibiti, suka riƙe ta har yamma suna duba numfashinta, suka sallame mu.

Ɗana ya iso washegari, fuskarsa ba annuri. Ya ɗauki Auta ya daɗe yana riƙe da ita, sannan ya ce ya riga ya yi magana da mai tifa, jibi za a kawo yashi a cike ramin. Ban yi masa musu a gaban iyalinsa ba. Bayan azahar na aika ya same ni a ɗakina, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba. Na ce masa gidansa ne, in ya cike ba wanda zai ga laifinsa. Amma na tuna masa cewa yaran nan suna shiga kwalekwale duk lokacin da za a je biki ƙauyukan ƙetare, shi kansa yana shiga in hanya ta yanke da damina, kuma ba ɗayansu da zai iya ceton kansa.

"Wanga rami tifa nawa zai ci, ka sani," na ce masa. "Kwara fa, tifa nawa za ka zuba mishi? Ruwan bai yi laifi ba. An ce a yi shinge, ka ce a bari. Ni kuma da aka hore ni tun ina ƙarama kada in ba ruwa baya yaro na kusa, na ba shi baya. Laifin namu ne mu biyu."

Ya ɗago kai ya ce, "To mi kika gani, Inna?"

Na ce a kira mai walda, sannan a bar mini yaran kowace safiyar da ba makaranta.

A cikin mako aka kafa shingen, ya fi tsayin yaro, ƙofarsa na rufe kanta, sakatar tana can sama inda sai babba. Mai famfo ya zo ya girgiza shi da hannu biyu, ya ce yanzu aiki ya kammala. Na kafa doka cewa ba mai shiga sai da babba a zaune a bakin ruwa, hannunsa ba waya, ba faranti. Na sa aka ɗinka mini doguwar riga da wando, na ajiye kunya a ɗaki. Manyan biyu ba su ba ni wahala ba, kafin sanyi ya shigo suna ƙetare tabkin. Auta ce ta ƙi ko kallon wurin. Na yi kwana da kwanaki ina zama da ita a matakala ta farko, ƙafafunmu kawai a ciki, muna hura ruwa da baki yana kumfa tana dariya, har ranar da ta yarda na kwantar da ita a tafin hannuna. Wani abin da ban zata ba, gwiwoyina da suka dame ni shekara da shekaru, a cikin ruwa ba na jin su.

Surukata kuwa tun ranar nan ba ta ƙara taka cikin wurin ba. Takan kawo tawul ta rataye a shinge ta koma, in hango ta ta tagar kicin tana kallonmu. Ta rage magana, ta rage cin abinci, ko wanka za ta yi wa Auta sai ta rage ruwan baho. Ban matsa mata ba. Wata safiya, yara sun tafi makaranta, Auta na gidan maƙwabta, ina kwasar ganye, sai na ji ƙarar sakata. Na juya na gan ta sanye da wandon mijinta da wata tsohuwar riga, ta ɗaure kanta tam.

"Inna, ranar nan ina tsaye a nan," ta ce, tana nuna wurin da ƙafa. "Ɗiyata na ciki ina kallonta, ban iya shiga ba. Ke da kika haifi ubanta kika shiga. Ko na rufe ido abin nake gani."

Na ce mata ba wanda aka haifa da iyo, ta sauko. Ta sauko matakala ɗaya-ɗaya tana karanta duk addu'ar da ta sani, ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga naman. Ranar ba mu yi komai ba sai tsayuwa. Babba ya fi yaro wuyar koyo, don ya san abin da yake tsoro. Mun yi makonni kafin ta yarda ta sa fuskarta a ruwa, muka ƙara wasu kafin ta kwanta rigingine in zare hannuna ba ta sani ba. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ban faɗa ba. Ranar da ta ƙetare tabkin daga wannan gefe zuwa wancan, na ce mata to, ta iya, sai ta girgiza kai ta fita. Ta shiga kicin ta dawo da jarkar man gyaɗa da ta cika da yashi ta toshe bakinta. Ta ɗora mini a hannu in ji nauyin. Na ji, na kuma gane nauyin wa ta auna. Ta ce in jefa a wuri mai zurfi.

Na jefa, jarkar ta nutse ta kwanta a kan tayil. Ta ja numfashi ta bi ta, ba ta kai rabi ba ta taso tana tari. Ta sake, yatsunta suka taɓa mariƙin suka suɓuce. Na ce ta huta sai gobe, ba ta ko dube ni ba. A karo na uku ta daɗe har na fara matsowa, sai ga ta ta ɓullo da jarkar a ƙirjinta, tana tura ruwa da ƙafa har ta kai gefe. Ba ta ɗora ta a kan tayil ba. Ta rungume ta da hannu biyu, ta kifa goshinta a kanta, kafaɗunta na rawa. Na bar ta, na juya ina kallon darbejiya har ta gama. Sannan ta share fuska da bayan hannu, ta miƙo mini jarkar.

"Inna, sake jefawa."